Yara 38 na Yuganda da maƙalar da aka yi wa shiru

A shekarar 1958 wata mujallar likitocin fiɗa ta Ingila, British Journal of Surgery, ta buga gajeriyar maƙala a kan yara 38 na ƙasar Yuganda waɗanda wani irin ƙari ya kumbura musu muƙamuƙi. Mai rubutun, Denis Burkitt, likitan gwamnati ne da ke wuni a ɗakin tiyata na asibitin Mulago da ke Kampala, ba shi da ɗakin gwaji nasa, ba shi da ɗalibai masu yi masa aiki. Maƙalar ta fito, aka yi mata shiru. Likitocin fiɗa suka karanta suka wuce, masu binciken ciwon daji kuwa ba nan suke neman labari ba. Da a wancan lokacin an ce a auna darajarta da yawan waɗanda suka ambace ta, da ba ta kai a ɗaga kai a dube ta ba. Amma daga cikinta aka gano bairos, wato wata 'yar mitsitsiyar ƙwayar cuta, na farko da ke da hannu a ciwon dajin ɗan Adam, kuma ciwon da ta bayyana yana cikin na farko-farkon da aka warkar da magani kaɗai ba tare da wuƙa ba.

Abin da ya sa nake yawan tuna wannan maƙala shi ne aikina. Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne a wata babbar makaranta a nan Sakkwato, kuma idan lokacin ƙarin girma ya matso teburina ba ya rabo da malamai. Kowa da jakarsa cike da takardu, a haɗa masa, a jera, a tantance wace mujalla ce ta kirki wace ce ta 'yan neman kuɗi. Akwai wani dattijon malami da nake ganin girmansa ƙwarai, yakan zauna gefena ya cire hula ya aza a gwiwa, ya ce, "Malam, don Allah buɗe muna Google Scholar, mu ga mutum nawa sunka ambace ni wanga wata." In buɗe, mu duba tare. Idan lambar ta motsa sai fuskarsa ta saki, idan tana nan inda take sai ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya mayar da hularsa. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Da wannan lambar ake yanke masa hukuncin shekarun da ya yi yana aiki, kuma yana da iyali.

Ƙidayar nan ba tsohuwar al'ada ba ce. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da kundin da ke bin diddigin wa ya ambaci wa a rubuce-rubucen kimiyya, aka fara buga shi a 1964. A 2004 Google Scholar ya zo ya sa abin a hannun kowa, a 2005 kuma wani masanin fiziks mai suna Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira h: idan an ce h ɗinka 10 ne, kana da maƙaloli 10 da kowaccensu an kafa hujja da ita aƙalla sau 10. Ma'auni ne mai amfani, ni kaina ina aiki da shi, domin yana tona asirin wanda ya tara takardu hamsin da babu mai buɗe su. Sai dai lamba tana faɗin an ambace ka, ba ta faɗin abin da aka yi da maganarka. A nan labarin Burkitt yake da abin koyarwa.

An haife shi a 1911 a garin Enniskillen na ƙasar Ailan. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama, duk aikin fiɗar da ya yi da ido ɗaya ya yi shi. Ya yi karatun likita a Dublin, ya yi aikin soja a yaƙin duniya na biyu, a 1946 ya sauka Yuganda. A 1957 abokin aikinsa Hugh Trowell ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Burkitt ya duba, ya ɗauki hoto, ya rubuta, bai san me yake gani ba. Bayan 'yan makonni ya je garin Jinja, ya hango wani yaron da irin wannan kumburi sak, ya sa aka kawo shi, ya tarar har cikinsa akwai ƙari. Likitoci da yawa sun ga irin waɗannan yara kafin shi. Wanda ya gani a ido ya ce ciwon ido ne, wanda ya gani a ƙoda ya ce na ƙoda ne, wanda ya gani a mahaifar ƙwan yarinya ya ba shi wani sunan. Shi sai ya koma ɗakin ajiyar fayil, ya zaro takardun yaran da suka gabata ɗaya bayan ɗaya, ya gane cewa ciwo guda ne ke fitowa ta wurare daban-daban. Masana ƙwayoyin jiki na Kampala, Gregory O'Conor da Jack Davies, su suka tabbatar daga baya cewa daji ne na ƙwayoyin garkuwar jiki, wanda likitoci ke kira limfoma. Da shi da O'Conor suka sake rubuta shi a 1961 a mujallar Cancer ta Amurka, sannan ne duniya ta waiwayo.

Abin da ya biyo baya shi ya fi burge ni. Ya samu tallafin fam 25, ya buga takardu masu hoton yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina a Afirka da tambaya ɗaya: kuna ganin wannan a wurinku? Amsoshi na zuwa yana soka fil a taswirar da ya manna a bango. A ƙarshen 1961 shi da wasu likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi mako 10 a hanya, tafiyar kimanin mil 10,000, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka. A kowane asibiti hoto suke nunawa su yi tambaya. Suka tabbatar ciwon ba ya hawa kan tsaunuka masu sanyi, ba ya yawa inda ruwan sama ya gaza inci 20 a shekara. Wani masanin ƙwari a Entebbe, Alexander Haddow, ya dubi taswirar ya ce ai wannan iyakar da ƙwari masu cizo ke rayuwa ce. Aka fara zargin wani bairos da sauro ke ɗauka. Zargin bai faɗa daidai ba, amma ya sa mutane neman abin da ya dace a nema.

Akwai wani ɓangare na wannan taswira da ya shafe mu kai tsaye. Da Burkitt ya juyo Afirka ta Yamma, ya tarar ciwon ya yi yawa a kudancin Nijeriya, a Kano kuwa da ƙyar ake ganinsa, sai ya danganta hakan da bushewar arewa. Na daɗe ina juya wannan magana. A farkon shekarun 1960 likitoci nawa ne a ƙasar Hausa, kuma uwa nawa ce za ta ɗauko yaro mai kumburin fuska daga ƙauye ta kawo wa Bature? Daga baya likitocin Zariya da Kano da Sakkwato sun yi ta rubuta cewa wannan ciwo yana cikin dajin da suka fi gani a jikin yara. Kuma duk wanda ya kwana a fadamar Rima ko kusa da madatsar ruwa ta Goronyo da damina ya san ba a yi mana rowar sauro ba. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna yara 22 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 na ɗauke da cutar a jininsu, a maƙwabciyarmu Kebbi kuwa 49 ne, babu jihar da ta kai ta. A ganina, wurin da babu fil a taswira yakan zama wurin da babu wanda ya ƙirga.

Ranar 22 ga Maris 1961 Burkitt yana hutu a Landan ya yi lacca a asibitin Middlesex. Cikin masu sauraro akwai wani mai binciken bairos, Anthony Epstein, wanda ke aiki a kan dajin kaji. Yana jin bayanin zafi da ruwan sama ya ƙudurta cewa akwai bairos a cikin lamarin, ya roƙi a riƙa aiko masa da yankin ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Ya kusa shekara uku yana nema bai samu komai ba. A Disambar 1963 hazo ya hana jirgi sauka Landan, aka karkata shi Mancesta, kayan suka iso a makare, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi. Kowa zai ce ya lalace a zubar. Epstein ya ɗiga shi ƙarƙashin madubin gwaji, sai ya ga ba ruɓewa ba ce, ƙwayoyin ƙarin ne girgizar tafiya ta warware su suna yawo da ransu. Daga nan suka iya rainon su a kwalba, kuma a cikinsu suka ga bairos ɗin. A Maris 1964 mujallar Lancet ta buga sakamakon da sunaye uku: Epstein, Bert Achong ɗan ƙasar Tirinidad, da Yvonne Barr, ɗalibar da ke neman digirinta na uku. Shi ne bairos ɗin Epstein-Barr. An gano daga baya cewa fiye da mutum 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da shi lafiya lau.

To idan kowa na da shi, me ya sa yaran Afirka? Amsar da aka taru a kanta ita ce zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa. Yaro ya kamu da bairos ɗin tun yana goye, sannan zazzaɓi ya yi ta kai masa hari damina bayan damina, ƙwayoyin garkuwar jikinsa na ta hayayyafa ba hutu, ƙarfin da ke danne bairos ɗin kuma ya yi rauni. Cikin wannan gaggawa sai a samu kuskure: a cikin ƙwayar jiki wani yanki na zaren gado mai lamba 8 ya tsinke ya manne a mai lamba 14. An ga alamar wannan a 1972, aka tantance shi a 1976, a 1982 kuma aka gane cewa yankin da ya yi ƙaura yana ɗauke da ƙwayar gadon da ake kira MYC, mai ba da umarnin rabuwa. A sabon mazauninta ba ta samun mai kashe ta. Shi ya sa ƙarin ke iya ninka kansa cikin awa 24 zuwa 48, babu dajin ɗan Adam da ya kai shi sauri. Masu nazarin yadda ƙwayoyin gado ke haddasa daji sun koyi darasi mai yawa daga wannan ciwo na yaran ƙauye.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan aiki, kuma yana ba ni takaici yadda ɗalibanmu ba su san haka ba. A Ibadan an buɗe rajistar masu ciwon daji tun 1960. A can ne a 1963 Robert Pulvertaft ya raini ƙwayoyin ƙari daga muƙamuƙin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11, ƙwayoyin suka ci gaba da rayuwa a kwalba har yau. Sunansu Raji. Ana sayar da su, ana aika su ƙasa-ƙasa, kuma da su ake gwada sababbin magungunan dajin jini a Amurka da Jamus da Sin. Ka rubuta sunan a Google Scholar ka ga dubban maƙaloli. Babatunde Osunkoya ya yi aiki a kan waɗannan ƙwayoyi a Ibadan ya kuma buga nasa binciken. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya zama farfesan fiɗa a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani na narkar da ƙarin. A 1972 da aka ba da lambar Lasker ta Amurka saboda maganin daji, sunansa na nan tare da na Burkitt. Yaron da aka ɗebi ƙwayoyinsa kuwa, da yara 38 na Yuganda, da iyayensu, babu ma'aunin da ke ƙirga nasu rabon, alhali da jikinsu aka yi karatun.

Silsilar ba ta tsaya nan ba. Wani matashin likita Bajamushe, Harald zur Hausen, ya tafi Filadelfiya ta Amurka a 1966 ya yi aiki a kan bairos ɗin Epstein-Barr wurin Werner da Gertrude Henle. Can ya gamsu cewa bairos na iya ɓuya a cikin ƙwayar jiki ya juya ta. Ya koma gida ya bi sawun dajin bakin mahaifa, a 1983 da 1984 ya gano nau'i biyu na wani bairos da ake kira HPV, na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa mafi yawansa, a 2008 aka ba shi lambar Nobel. Rigakafin HPV ya fito a 2006, Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktobar 2023, ya iso mu a zagaye na biyu a 2024. Mu 'yan Sakkwato wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. A zaure ba a tambayar malami littafi nawa ya tara, ana tambayar wurin wa ya yi karatu, wa kuma ya yi karatu wurinsa, har a jero sunaye a kai ga su Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello. Idan ka jero silsilar allurar da aka yi wa 'yarka a makaranta, za ka bi ta Jamus da Filadelfiya da Landan, ka tsaya a gadon wani yaro a Kampala.

Burkitt ya bar Yuganda a 1966 ya koma Landan, ya buɗe wani babi dabam. Ya lura dajin hanji ya yi ƙaranci a ƙauyukan Afirka, ya yi yawa a Turai, ya danganta hakan da cin hatsi da dusarsa, irin gero da dawa da wake da muke ci, saɓanin fulawar da aka tace. Maƙalarsa ta 1971 a kan haka an ambace ta ba iyaka. Wasu maganganunsa a nan sun tabbata, wasu ya zurfafa fiye da hujjarsa. Ya rasu a 1993. Ni dai aikinsa na farko nake ɗauka da girma, domin shi ne ya tayar da yara daga gadon mutuwa.

Kuma ya tayar da su. Tun farkon shekarun 1960 ya riƙa roƙon magunguna daga kamfanoni da cibiyoyin Amurka, aka ga allura ɗaya ko biyu ta maganin daji saiklofosfamaid tana sa kumburin da ya rufe wa yaro ido ya sace cikin kwanaki. Saurin da ke sa ciwon kisa shi ne kuma ke sa magani ya kama shi. A yau a ƙasashe masu arziki kusan yara 9 cikin 10 masu wannan ciwo suna warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan aka haɗa dajin yara gaba ɗaya, fiye da 80 cikin 100 na tsira a can, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba. A 2018 ta sa burin kai wa 60 cikin 100 kafin 2030, kuma wannan ciwo, da ake kira limfomar Burkitt, na cikin cututtuka shida da ta sa a gaba.

Na ga yadda wannan tazara take da idona. Wani maƙwabcinmu aka kawo masa ɗan ƙanensa daga wani ƙauye na bakin fadama, yaro ɗan shekara bakwai ko takwas. Da kumatunsa ya fara tashi aka ce hangum ne, aka shafa abin shafawa. Da haƙoransa suka fara girgiɗi aka kai shi wurin wanzami ya cire biyu. Lokacin da na gan shi a zaure, idonsa na hagu ya turo, bakinsa ba ya rufuwa, yana tsotsar kunu ta gefe ɗaya da ƙaramin ludayi, uwarsa na tare masa haɓa da gefen zanenta. Aka kai shi asibiti, aka ɗebi nama aka gwada, aka fara allurar kemo, wato maganin daji. Bayan zagayen farko fuskarsa ta dawo har yana wasa da yaran unguwa. Uban ya ce wa maƙwabcina, "Yaya, tunda ya samu sauƙi mu koma gida, ga shuka ta matso, kuɗi kuma sun ƙare." Ya riga ya sayar da tumaki biyu da buhunan gero. Aka yi ta ba shi baki, ya ce zai dawo da shi bayan noman farko. Ciwon ya riga shi dawowa. Allah Ya jiƙan yaron, Ya ba iyayensa haƙuri.

Ilmin da zai warkar da shi an rubuta shi tun kafin a haifi ubansa. Abin da ya rage a sani tambayoyi ne irin namu: yara nawa ne ke kamuwa a Sakkwato da Kebbi da Zamfara, daga waɗanne ƙauyuka, mako nawa suke yi kafin su iso, nawa ke katse magani, a wane wata, kuma me zai riƙe su har su gama. Ko maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara da damina ya rage yawan wannan daji a yankinmu? Tambaya ce da ba mai amsa ta daga Landan. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke karɓar masu daji daga jihohin nan har da Nijar, muna da Asibitin Noma, na cutar noma mai cin fuska, da iyaye ke nufa da yara masu ciwon fuska, muna da wayar hannu da WhatsApp da za su kai hoto da tambaya kowace ƙaramar hukuma a wuni ɗaya. Abin da Burkitt ya yi da fam 25 da tsohuwar mota ya fi sauƙi a gare mu.

Irin wannan aiki ba ya saurin cika jakar ƙarin girma. Mutum zai yi shekara uku yana bin fayil da ƙauyuka ya fito da maƙala guda, abokinsa kuwa ya yanka bincike ɗaya gida biyar ya biya mujallun da ba sa tace komai, ya riga shi hawa. Ina roƙon masu zama a kwamitocin tantancewa su riƙa buɗe maƙalar su karanta, su tambayi mai ita wa ya yi aiki da abin da ya gano, wane asibiti ya canza yadda yake yi saboda shi. Ɗaliban likitanci da ke zuwa wurina neman maudu'in bincike kuwa, maƙalar 1958 nake fara buga musu, in ce su karanta su ga yadda ake kallon majiyyaci, sannan su je ɗakin fayil na sashen yara su nemi izini.

Ga iyaye da malaman asibitocin ƙauye: kumburin muƙamuƙi ko na ido ko na ciki da ke ƙaruwa cikin kwanaki a jikin yaro, musamman ɗan shekara 4 zuwa 10, ga haƙora na girgiɗi ba tare da ya faɗi ba, kada a cire haƙori, kada a yi sakiya, kada a jira kasuwa ta ci. A kai shi babban asibiti a cikin makon, kuma idan an fara allura a gama ta ko da kumburin ya sace.